A Niƙa a Gida, a Aika da Gari

Bahaushe bai taɓa raina rediyo ba. Tun 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, akwatin rediyo ya zama ɗan gida. A Kongo-Rasha, kamar sauran unguwannin Jos ta Arewa, har gobe idan shida da rabi na safe ta yi za ka tarar da dattijo ya ƙudundune cikin rigar sanyi a teburin mai shayi, ya zaro eriya iya tsawonta, yana murza maɓalli a hankali yana laluben gajeren zango. Jikansa kuwa, mai gyaran waya a shago, ya ji labarin wata rediyon daban. Ita ba ta da maɓallin murzawa, ba ta da lasifikar kanta. 'Yar na'ura ce mai siffar filasha da ake soka wa kwamfuta, sauran aikin duk manhaja ke yi. Masu harkar suna kiranta SDR, wato rediyon manhaja.

Mafi arha a cikin irin waɗannan na'urori ba don rediyo aka yi ta ba. Kamfanin Realtek na Taiwan ne ya ƙera wani ɗan guntun lantarki mai suna RTL2832U don kallon talabijin na dijital a kwamfuta. A 2012 wani masanin Linux ɗan ƙasar Finland, Antti Palosaari, da masu aikin Osmocom suka nuna wa duniya cewa ana iya hana guntun fassara hoto, a sa shi ya riƙa miƙo wa kwamfuta igiyar rediyo ɗanyarta. Daga nan abin da da sai jami'a ko rundunar soja ke iya mallaka ya shigo aljihun ɗalibi. Mu mutanen Jos ba baƙi ba ne a wannan fage: a garin nan gwamnatin tarayya ta fara ƙaddamar da komawa talabijin na dijital ranar 30 ga Afrilun 2016, kuma babu lungun da ba shi da matashin da ya iya hawa kwano ya saita dish.

Duk matashin da abin ya ba shi sha'awa, tambaya biyu yake fara yi. Wace kwamfuta zan saya? Data nawa za ta sha? Amsar da aka saba ba shi ita ce ya nemi kwamfuta mafi tsada da intanet mafi ƙarfi. Wannan amsa tana kashe wa yaro gwiwa tun bai fara ba, kuma ba daidai ba ce. Amsar gaskiya tana nan kusa da gida, a rumfar mai injin niƙa.

Garin leda da tsabar kwano

Wanda ya sayi garin masara na leda a shago, abin da masana'anta ta niƙa shi zai tuƙa. Ba shi da damar cewa a mayar masa da shi tsaki don yana marmarin gwate. Haka rediyon kakanninmu take. A cikin akwatin aka ƙera matatar da ke ware tasha ɗaya daga 'yan uwanta, aka ƙera abin da ke juya igiya ta zama murya, aka liƙe su da dalma, magana ta ƙare. Wadda aka yi don AM da FM ba za ta gane muryar 'yan rediyon sha'awa ba, domin su da salon SSB suke magana. Ko ka ci karo da su a zangon mita 20, gunguni kawai za ka ji marar kan gado.

Uwargidan da ta aika da tsabarta wurin inji kuwa, zaɓi na hannunta. In ta ce a ɓarza, mai inji ya sassauta noti, tsaki ya fito. In gari mai laushi take so, ya ɗaure, ya maimaita. In jiƙaƙƙen wake ne na ƙosai, ya mai da bel kan markaɗe, ya riƙa tsiyaya ruwa. Inji ɗaya ne, abin da zai fito ya danganta da yadda aka saita shi.

Rediyon manhaja ke nan. Eriya ita ce gona, tana kwaso duk abin da ke yawo a iska, mai kyau da marar kyau. 'Yar na'urar ita ce mazubi: takan ɗebi wani yanki na zangon rediyo, ta auna shi sau miliyoyi a cikin sakan ɗaya, ta mai da kowane awo lamba. Wayar USB ita ce maƙogwaron da tsabar ke bi. Kwamfuta ita ce injin. Manhaja kuwa, irin su SDR#, SDR++, GQRX da HDSDR, waɗanda duk kyauta ake sauke su, ita ce notin da kuma rariya. A fuskar kwamfutar za ka ga zangon a shimfiɗe cikin launi yana gangarowa ƙasa, kowace tasha ta ja layinta: ta FM mai faɗi, muryar mutum ɗaya siririya, saƙon Morse ɗigo-ɗigo. Ka danna wadda kake so, ka zaɓi salon niƙanta, murya ta fito.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin niƙa ya san cewa girman inji ba shi ne gwanintar mai inji ba. Gwanintarsa ita ce daidaita abin da ke shiga da abin da injin zai iya taunawa, kare tsabar daga datti, da kuma sanin abin da ya kamata a ɗauka a kai gida. Waɗannan ukun su ne dukan abin da rediyon manhaja ke nema daga kwamfuta da intanet.

Kada a cika mazubi

Ka lura da yaron da ya zo da gaggawa ya kife wa inji kwanon masara gaba ɗaya. Nan take ƙarar injin za ta canza, ta koma nishi, hayaƙi ya yi baƙi, bel ya fara kuka yana zamewa, in ba a yi sauri ba injin ya shaƙe ya mutu. Shi ya sa hannun mai inji ba ya barin bakin mazubi. Kaɗan-kaɗan yake sakin tsabar.

Ga lissafin a wajen rediyo. Na'urar RTL-SDR, wato mai guntun nan na Realtek, tana aiki lafiya lau idan tana awo miliyan 2.4 a sakan, kuma kowane awo bait biyu ne. Wato megabait 4.8 ke kwarara cikin kwamfuta kowane sakan, ba tsayawa, ba hutawa. Abin da ka samu da wannan shi ne faɗin zango na megahaz 2.4 a gabanka lokaci guda. HackRF One, wadda Michael Ossmann ya ƙera, tana iya awo miliyan 20 a sakan, kusan dukan zangon FM ke nan daga megahaz 88 zuwa 108, amma megabait 40 take turowa kowane sakan, abin da ke cika maƙogwaron USB 2.0 har baki. Idan kwamfuta ta kasa cinye abin da ake zuba mata, alamunta iri ɗaya ne da na inji: fanka ta ɗau ihu, murya ta riƙa tsinkewa, launukan fuska su daskare.

Mai gaggawa zai ce a sake inji. Mai hankali zai fara tambayar ko yana buƙatar wannan tsabar duka. Zangon mita 20 na 'yan rediyon sha'awa, daga megahaz 14.000 zuwa 14.350, kilohaz 350 ne kacal. Na mita 40 a yankinmu, daga 7.000 zuwa 7.200, kilohaz 200 ne. Muryar mutum ɗaya a SSB ba ta kai kilohaz 3 ba. To me zai sa ka ɗebo megahaz 20 don ka ji mutum ɗaya? Rage awon zuwa miliyan ɗaya, ka rage yawan sabunta hoton zango, domin sau da yawa zanen launin ya fi fitar da muryar wahalar da kwamfuta, sannan ka rufe burauza da sauran manhajojin da ke ci a gefe. Kwamfutar da ɗazu take nishi za ka ga ta saki jiki.

Saboda haka laftof ta hannu mai Core i5 da RAM gigabait 8, irin wadda ake samu a shagunan Ahmadu Bello Way da kewayen Taminus, ta ishi RTL-SDR har da rara, ko Windows ce a kanta ko Linux. Mai gigabait 4 ma za ta yi idan ba a haɗa mata wani aikin ba. Wayar Android da 'yar wayar OTG da manhajar SDR Touch sun isa a fara sauraro. 'Yar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, mai girman tafin hannu, tana iya kwana tana aiki. Abin da ya fi sunan kwamfutar muhimmanci shi ne lafiyar ramin USB: na'urar tana jan wuta kusan miliyamp 300, don haka a soka ta kai-tsaye, kada a bi da ita ta mahaɗar nan mai ramuka da yawa, kuma a hana kwamfutar yin barci. Ma'adana mai girma ba ta zama dole sai ga wanda zai naɗi ɗanyen zango don ya saurara daga baya. Shi kam ya shirya rumbu: awa ɗaya ta RTL-SDR gigabait 17 ce da ɗoriya, ta HackRF a cikakken buɗi gigabait 144.

Akwai gargaɗi ɗaya ga mai saye. Gama-garin na'urar daga wajen megahaz 24 take fara ji, zuwa sama da 1,700. Gajeren zangon da kakansa ke sauraro yana ƙasa da haka. Wanda ke son mita 20 da mita 40 ya nemi RTL-SDR Blog V3 ko V4 wadda ta fito a 2023, ko wata daga cikin na'urorin SDRplay da Airspy da aka yi don wannan zangon. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma alamarsu ita ce da sun yi zafi tasha ta riƙa gocewa daga inda ka ajiye ta.

Yajin wani da yashin acca

Matan unguwa sun san abin da ke faruwa idan aka kai markaɗen gero bayan wata ta markaɗa attaruhu. Komai yawan gasarar, kunun da yaji zai fito. Laifin ba na gero ba ne. Ɗan abu mai ƙarfi ne ya mamaye mai sanyin ɗanɗano. RTL-SDR da bit 8 take awo, wato matakai 256 ne kawai tsakanin mafi rauni da mafi ƙarfi. Idan tashar FM mai ƙarfi tana kusa, kuma a Jos tashoshin suna cikin gari, sai ta cika matakan nan duka, ka riƙa jin inuwarta a wuraren da ba ta da hurumi, muryar da ta taso daga nesa kuma ta nutse. Maganin farko kyauta ne: rage ƙarfin ɗauka a manhaja, kada ka murɗe shi ƙarshe. Na biyu 'yar matata ce mai toshe zangon FM da ake ɗaurawa tsakanin eriya da na'ura. Na uku, ga mai hali, na'ura mai bit 12 ko 14.

Sai kuma yashi. Mutumin Filato ya san acca: ƙwayarta ƙanana ce har ta kusa yin daidai da yashin da ke cikinta, kuma duk wadda ba ta rege ta da kyau ba, haƙoran gidanta ne za su ba da labari. Inji ba ya raba yashi da tsaba, tare yake niƙe su. Siginar da ta taso daga Brazil ko Japan ta iso Jos acca ce, yashinta kuwa mu muke zuba shi da hannunmu: cajar waya mai arha, ƙwan lantarki na LED marar kyau, inbata, na'urar cajin sola, fulogin janareta da na Keke Napep da ke wucewa. A unguwa mai cunkoso irin tamu, inda kwano ke dafe da kwano kuma wayoyin wuta suka yi saƙa a sama, wannan hayaniyar ce babbar matsala, ba ƙarancin RAM ba.

Ka gwada da kanka. Bar rediyon a kunne kan batirin laftof, ka zuba wa fuskar ido a daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Za ka ga hazon da ya rufe zangon ya sauka ƙasa gaba ɗaya, layukan da ba ka san da su ba su bayyana ɗaya bayan ɗaya. Kafin minti biyu, da maƙwabta sun fara jan igiyar janareta, hazon zai dawo. Wannan ɗan tsakanin shi ke nuna maka abin da eriyarka za ta iya ji da an rege mata yashi. Don haka a nisanta eriya daga wayoyin gida, a ɗaga ta sama, a kawo siginar da kebul mai sulke irin na dish, a naɗa wayar USB a zoben ferrite, a cire cajar laftof lokacin sauraro. Eriyar mita 20 ba wani abin a zo a gani ba ce: wayar tagulla guda biyu, kowace wajen mita 5, a miƙe su hagu da dama daga kan kebul. Kuɗin da za ka ƙara a kan kwamfuta, ka sa rabinsa a nan, za ka fi jin bambanci.

Wuta ma tsabtarta ake so, ba yawanta ba. Raspberry Pi da na'urarta ba sa cin wat 10, don haka batirin sola mai volt 12 zai riƙe su dare da rana, kuma in aka ciyar da su daga batir ta 'yar na'urar rage volt ba tare da bi ta inbata ba an rage hayaniya. Mai watsawa da wat 100 ne ke buƙatar wajen amp 20 a volt 13.8, ƙaramar rediyon manhaja irin Hermes-Lite 2 wat 5 take fitarwa. Kuma kowa ya san damunar Jos da tsawa da ƙanƙara. A kafa ƙarfe a ƙasa a ɗaura masa wayar kariya, kuma da hadari ya haɗo a cire kebul ɗin eriya daga na'ura a fitar da shi waje. Wannan ba na'ura kaɗai yake karewa ba, har da ran mutanen gida.

Ɗan aike da kayansa

Yanzu ga tambaya ta biyu, ta data. In na'urar tana soke a kwamfutarka, sauraro ba ya cin data ko kilobait ɗaya. Daga iska zuwa eriya, daga eriya zuwa kunnenka. Intanet yana shigowa ne idan rediyon tana wani wuri kai kana wani wuri.

A ce gonarka tana Miango, gidanka yana Kongo-Rasha, buƙatarka kuma kwanon gari ɗaya ce ta tuwon dare. Ba za ka ɗora wa ɗan aike buhunan masara da totuwarsu da ɓawonsu ya kawo gari a niƙa ba. Can za a niƙa, a tankaɗe, a ba shi kwano ɗaya. Manhajar rtl_tcp buhunan take aikowa: ɗanyen awo gaba ɗayansa, megabit 38 da 'yan kai a sakan, gigabait 17 a awa. Datar wata guda za ta ƙare kafin la'asar. Irin wannan jigila tsakanin ɗaki da ɗaki ake yinta, ta kebul ɗin Ethernet, wanda ke kai mita 100 ba matsala, kuma ya fi wayfai tabbas nesa ba kusa ba. Wasu rediyoyin manhaja irin FlexRadio da Hermes-Lite 2 ma ta wannan kebul suke magana da kwamfuta. Amma OpenWebRX da KiwiSDR da WebSDR a can wurin eriya suke niƙa, su aiko maka da murya da ɗan hoton zango kawai. Wannan wajen kilobit 100 ne a sakan, kimanin megabait 45 a awa, bai kai abin da kallon bidiyo ke ci ba. SpyServer yana tsakiya: yakan yanko maka ɗan yankin da kake sauraro, ya bar sauran a can.

Shi ya sa yaron da ba shi da ko na'urar zai iya farawa yau da wayar hannunsa. Tun 2008 Pieter-Tjerk de Boer ya buɗe wa duniya rediyon manhaja a Jami'ar Twente da ke Enschede a ƙasar Holan. Tana jin dukan gajeren zango har wajen megahaz 29, kuma ɗaruruwan mutane na sauraro lokaci guda, kowa da tashar da ya zaɓa. Inji ɗaya ne ke yi wa unguwa guda niƙa, kowa ya zo da kwanonsa.

Ingancin ɗan aike kuma ba a yawan kayan da yake ɗauka kaɗai ake auna shi ba. Wanda ke zuwa a kan kari kullum ya fi wanda yau ya zo a guje, gobe ya tsaya kallon ƙwallo a hanya. Layin da ke nuna megabit 20 amma yana yi yana ɗaukewa zai riƙa sare maka murya. Mai megabit 2 da ke tafiya daram ya fi shi amfani. Ga mai watsawa daga nesa abin ya fi tsanani, domin in jinkiri ya kai rabin sakan sai ka riƙa faɗa wa abokin magana cikin zance. Wanda kuma zai ajiye rediyo don wasu su saurara, ƙarfin turawa zai duba, ba na saukewa ba, kuma kowane mai sauraro da nasa kwanon. Zai ci karo da wani shinge: yawancin layukan waya, har da Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ba sa ba ƙaramin mai saye adireshin intanet nasa shi kaɗai. Injin yana cikin gidan da ƙofarsa daga ciki kawai take buɗuwa. Ɗan aike na iya fita, mai kawo niƙa ba ya iya shiga. Ana warware wannan da manhajoji irin Tailscale ko ZeroTier, ko da hanyar wakilci da masu KiwiSDR suka tanada.

Akwai abu guda da intanet ke yi wa mai rediyo wanda ba ya cin komai amma ba a yi sai da shi: saita agogo. A 2017 Joe Taylor da Steve Franke suka fitar da salon FT8, wanda ke cikin manhajar WSJT-X. Kowane saƙo faɗinsa haz 50 ne, kuma kwamfuta na tsamo shi daga ƙarƙashin hayaniyar da kunnen mutum ba ya jin komai a ciki. Sharaɗinsa shi ne layi: duniya gaba ɗaya tana karɓa-karɓa kowane sakan 15, wasu su aika, wasu su saurara. In agogon kwamfutarka ya kauce da fiye da sakan ɗaya ko biyu, layi ya wuce ka. Za ka ga sigina cike da fuska a megahaz 14.074 amma ko harafi ɗaya ba zai fito ba. Tsofaffin laftof da batirin agogonsu ya mutu sun shahara da wannan. A sa manhajar daidaita lokaci ta intanet, ko a soka 'yar na'urar GPS inda babu sabis. Joe Taylor ɗin nan tun yana yaro yake wasa da rediyon sha'awa, kuma a 1993 ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a kan binciken taurari da ya yi da eriyar rediyo. Iyayen da ke ganin yaro na ɓata lokaci da wayoyi a kan kwano su riƙe wannan.

Abin da ke hannunmu

Allah ya ba Jos abin da kuɗi ba sa saye. Garin yana wajen mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma a manyan mitoci tsayi shi ne rabin nasara. Da 'yar eriya a kan rufi ana iya jin Tashar Sararin Samaniya ta Duniya a megahaz 145.800 idan tana wucewa tana watsawa. Tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba a Nuwambar 2018, yana ɗauke da na'urar 'yan rediyon sha'awa mai suna QO-100. A tsaye yake wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, yana haɗa masu magana daga gabashin Brazil har Tailan, mu kuma muna tsakiyar inuwarsa. A gigahaz 10.489 yake saukowa, kuma kan dish na talabijin da muka saba da shi yana mai da wannan mita zuwa wajen megahaz 739, daidai inda RTL-SDR ke ji. Dish ɗin da ke kan rufin gidanku, da laftof ta hannu, da 'yar na'ura, sun isa ka ji nahiyoyi suna gaisawa.

Sauraro mataki ne na farko. Watsawa sai da lasisi daga gwamnatin tarayya, wanda ke zuwa da lambar kira mai farawa da 5N, kamar yadda ta maƙwabtanmu na Nijar ke farawa da 5U, kuma akwai Ƙungiyar 'Yan Rediyon Sha'awa ta Najeriya, NARS, da ake tuntuɓa. Kada wanda ya yi wasa da wannan. Jos gari ne da ya ga jarrabawa, kuma baƙuwar eriya a kan rufi tana iya tayar da hankalin maƙwabci. A je a gaida mai unguwa a yi masa bayani tun kafin a kafa ta, a kira maƙwabta su gani da idonsu, a nisanci mitocin jami'an tsaro da na jiragen sama da duk zancen da ba naka ba. Rediyon sha'awa a fili ake yinta, da suna da lamba, kuma dokarta ta hana ɓoye ma'anar saƙo.

Duk wanda ya buɗe taswirar rediyoyin da aka ajiye a intanet don jama'a zai ga Turai da Amurka cike maƙil, Afirka ta Yamma kuwa sai ɗaiɗaiku. A tsarin murabba'an da 'yan rediyo ke raba duniya da shi, Jos tana JJ49. Ina so in ga wannan lamba a taswirar nan, kuma ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Masu gyaran waya biyar na Kongo-Rasha za su iya haɗa kuɗin na'ura da Raspberry Pi da batir. Wata makarantar sakandare da ke bayan gari, inda hayaniyar lantarki ba ta kai ta cikin unguwa ba, za ta iya ba da rufinta. Ɗaliban fiziks da injiniya na Jami'ar Jos za su iya ɗaukar saitawa da kulawa a matsayin aikin karatunsu. A niƙa a can, a aiko da gari, kowane yaro mai waya a Nasarawa da Unguwar Rogo da Gangare da Tudun Wada ya saurara da 'yar datarsa, masu bincike a wasu ƙasashe kuma su san yadda siginarsu ke isowa tsakiyar Najeriya. Wanda ke jiran sai ya sayi babbar kwamfuta zai daɗe yana jira. Wanda ke da tsohuwar laftof da waya mai tsawon mita goma, ya fara a makon nan.